Inna Ta Shiga Motar Nijar

Safiyar ranar da aka kama mu, faɗa muka yi da Inna a kan gishiri. Ta ce ƙullun ƙosaina ya yi lami. Na ce mutanen Bab Makka haka suke so. Ta ce to mutanen Bab Makka ba su da harshe. Ta ɗebi gishiri ta watsa a ƙullun ina kallo. Na fi shekara goma ina wannan sana'a a Jidda, ita kuwa ko shekara ba ta yi ba, amma wa ya isa ya ja da ita a kan tukunya?

Umra ta zo yi da azumi daga Jibiya. Ta tarar da ni da tsohon ciki, ta ce ba inda za ta sai ta yi mini wankan jego. Na haihu, aka yi suna, aka yi arba'in, kwanakin bizarta suka wuce tuni. Ni ban ce ta tafi ba, don ina jin daɗin zamanta. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba. "Ke" take ce mini. In za ta yi maganata da wani, sai ta ce uwar su Halima.

Muka soya a gida, a ɗakinmu na ƙasa a unguwar Nuzla. Muka zuba a kula. Jaririn yana mura, na bar shi wurin maƙwabciya. Mijina Sale direba ne, ya fita tun asuba. Muka hau mota zuwa Bab Makka, muka zauna a bakin layin masu sayar da yadi.

Da hantsi ihu ya taso daga ƙarshen layin. "Kame! Kame!" Kowa ya watse. Masu goro suka zubar da faranti. Na ruga, na yi nisa kaɗan, na waiwaya. Inna tana durƙushe tana tsince ƙosan da ya zube. Na dawo in ja ta, aka haɗa da mu duka.

A cikin motar kame na yi abin da na yi. Kowa a Nuzla ya san dabarar, ba ni na ƙirƙiro ta ba. In an kama ka kana son gida da wuri, sai ka duba ƙasar da ake saurin kwashe mutanenta, ka ce kai ɗan can ne. Hausa ɗaya, fuska ɗaya, Balarabe ba ya bambance Bakatsine da Bamaraɗe. A lokacin ana ta cewa 'yan Nijar ba sa daɗewa a tsare. Daga Maraɗi zuwa Jibiya kuwa tafiyar safe ce. Ana kuma cewa in ka ba da sunan aro, naka na gaskiya ya tsira, wata rana ka dawo aikin Hajji.

Na matso kunnenta na ce daga yau sunanta Zainabu Abdu, daga Maraɗi. Sunanta na gaskiya Hajara. Ta kalle ni ta ce, "Da tsufana zan sake uba?" Na ce kwana nawa ne, Inna. Ta ce a ƙasa mai tsarki za ki sa ni ƙarya. Na ce tsufanki ba zai ɗauki zaman wata da watanni a tsare ba. Na ƙara da cewa kada ta nuna ta san ni, don in aka gane uwa da 'ya ne, ƙaryar ta tonu. Ba ta ce to ba, ba ta kuma ƙara musu ba.

Ni sunana na gaskiya na bayar, da ƙasata. Iƙamata ce ta mutu, wato takardar izinin zama, kuma ina sa rai kafilin Sale, Balaraben da ya tsaya masa a takarda, zai sa baki a sake ni in koma wa jaririna. Aka ɗauki hoton yatsuna. Da aka zo kan Inna injin ya ƙi karantawa, surfe da wanki sun cinye zanen. Aka ce sai wani zuwa. Har hamdala na yi a raina.

Gidan tarhil ɗin da aka kai mu yana kudancin gari, a wani kwari. Nan ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. Ɗakin mata dogo ne, sai ka sauka matakala kafin ka shiga. Tagogin suna can sama. Da safe burodi da shayi, sannan kiran suna. Duk ranar da aka ce Zainabu Abdu, Inna sai ta ci gaba da jan tasbaha kamar ba da ita ake ba. Ni ce nake mintsinarta ta baya, sannan ta zabura ta ce na'am. Mata su yi ta dariya. Akwai wata Mariyama, 'yar Maraɗi ta gaskiya, doguwa mai zane a kumatu. Tun ranar farko ta gane mu, ta rufa mana asiri. Ta ce bari ta koya wa Inna sunayen unguwanni ko za a tambaye ta. Inna ta ce Maraɗin da take cin kasuwa tun ba a haifi Mariyama ba, rufe mini baki.

Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse. Nakan shiga banɗaki in matse a ƙasa ina kuka. Maganin hawan jinin Inna yana ƙulle a bakin mayafina, ni nake ba ta safe da yamma, don ita mantawa take yi.

A kwana na huɗu, ana gama raba shayi iska ta taso. Da farko kwanon rumfar tsakar gida muka ji yana kaɗawa. Sai muka ji ya ɓalle ya daki bango. Tagogin suka yi duhu kamar magariba. Aka kece da tsawa, ruwa ya sauko. Wallahi murna muka yi. Ruwa a Jidda baƙo ne. Wasu suka miƙa hannu sama suna addu'a, wata 'yar Sudan ta rangaɗa guɗa.

Wajen ƙarfe tara magudanar banɗaki ta fara ɓulɓula. Ruwa ya fito daga ƙasa, baƙi, mai wari. Muka naɗe barguna muka koma ɗaya gefen. Sai ga wani ruwan yana gangarowa ta matakala, ta ƙarƙashin ƙofa, ja wur da laka. Ya rufe idon sawu. Ya kama ƙwauri. Wuta ta ɗauke, na'urar sanyi ta yi shiru. A cikin shirun nan muka ji ƙarar da ke waje, kamar manyan motoci suna wucewa ba iyaka. Ashe ruwa ne.

Muka fara dukan ƙofa da farantan abinci. Ƙarfe a kan ƙarfe, da salati, da kukan yara. Ruwa ya kai gwiwa. Muna jin mata masu gadi a waje suna ihu, su ma a tsorace. Muna jin mabuɗi yana shiga yana fita. Ƙofar ta ƙi. Sai da maza askarawa suka zo suka banke ta, ruwan da ke bayanta ya shigo gaba ɗaya ya kwashe na gaba.

"Barra! Barra! Yalla!"

Ɗaki guda ya nufi ƙofa guda. Na goya Inna. Ba ta da nauyi. Wata ta faɗi a matakala, na ji bayanta a ƙarƙashin ƙafata. Na taka na wuce. Ban san ko wacece ba, ban san ko ta tashi ba. Wani askari yana tsaye a cikin ruwa har ƙugu yana fizgo mu ɗaya bayan ɗaya yana jefawa sama.

A tsakar gida ruwa ya kai cinya. Ruwan sama yana dukan fuska kamar tsakuwa. Muna tsakiyar wucewa katangar baya ta faɗi. Ƙara ɗaya ta yi, ƙasa ta girgiza. Ruwa ya shigo ta wurin da katako da tayoyi da wata tunkiya matacciya. Muka riƙe igiyar da aka miƙa muka haura zuwa bakin babbar ƙofa, inda ƙasa ta ɗan yi tudu. Dogayen motoci suna jere, injinansu a kunne. Na sauke Inna. Takalminta ɗaya ya tafi.

Wani babba yana tsaye a matakalar mota da lasifika a hannu.

"Nijeriya, hina! Nijar, hinak! Yalla, yalla!"

Ta ƙasa-ƙasa ake zuba mutane. Mai gadin da ke kiran suna kullum ta san fuskokinmu. Ta nuna mini hagu, ta nuna wa Inna dama.

A nan ne ya kamata in yi magana. Na iya Larabcin da zan ce hadi ummi, wannan uwata ce. Ina faɗa a kasuwa kullum. Maganar ta zo mini har baki. Sai na tuna in ƙarya ta tonu za a iya mayar da mu kurkukun gaske, kafili ya janye hannunsa, jaririna ya tashi a hannun wata. Duk wannan ya wuce mini a ƙiftawar ido. Na ce mata a kunne ta je, wuri ɗaya za a kai mu. Ban san haka ba, faɗa kawai na yi. Mariyama ta kama hannunta. Da ta sa ƙafa a matakalar mota ta waiwayo.

"Ke!"

Sau ɗaya ta faɗa. Aka turo ta ciki, na baya suka rufe ta.

Motarsu ce a gaba, tamu tana bi. Titi ya zama kogi. Ƙananan motoci suna yawo a kai, wasu sun hau kan wasu. Akwai wadda ta nutse har rufi amma hon ɗinta bai daina kuka ba. Na ga mutum a kan rufin tasi yana ɗaga jaka sama. Na ga wani ya rungume sandar fitila, da muka wuce na waiwaya, sandar ce kawai. Ban ɗauke ido daga jar fitilar bayan motar su Inna ba. A wata mahaɗa ta karya dama ta hau tudu. Direbanmu ya zo zai bi, wata tanka ta gangaro ta tare hanyar. Ya miƙe.

Kafin azahar injinmu ya mutu a gindin wata gada. Ruwa ya shigo ta ƙofa ya bi tsakanin kujeru. Motar ta fara motsi da kanta, gefe-gefe. Askarin da ke tare da mu yaro ne. Ya buɗe ƙofa.

"Sama! Kan kubri! Yalla!"

Mutanen da ke kan gadar suka zuro igiya da rawuna da aka ƙulla. Aka jawo mu. A sama jama'a ce maƙil, Larabawa da Indiyawa da namu, mata duk cikin baƙar abaya a jiƙe. Ba ka gane fursuna daga matar gida. Askarin yana can ƙasa yana fito da sauran. Ba wanda ke ƙirga.

Daga kan gadar na hango hasumiyar wani masallaci da na sani a hanyar Nuzla. A daidai lokacin nonona ya tsiyayo, na ji ɗuminsa a cikin sanyin rigata. Ɗakinmu na ƙasa ne. Ban yi shawara da kowa ba. Na ja mayafi na rufe fuska, na bi bayan wasu mata, na sauka ta ɗaya gefen.

Na yi ta tafiya a gefen bango, inda ruwa bai kai ƙirji ba. Kwalba ta yanke ni a tafin ƙafa, ban ji ba sai daga baya. Babu kiran salla a ko'ina, wuta babu. Jiniya kawai, da jirgi mai saukar ungulu yana kewayawa. Ruwan sama ya tsaya bayan la'asar. Rana tana shirin faɗuwa na shiga layinmu. Ɗakinmu ya cika har taga, katifa tana yawo a ciki. Na kurma ihu. Sai na ji muryar Halima daga sama. Suna kan rufin maƙwabta, su duka, har Sale.

Na karɓi jaririn na ba shi nono a tsaye. Ya kama yana haɗiya yana shessheƙa. Na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Sale ya bari sai da yaron ya ƙoshi, sannan ya ce ina Inna. Na kai hannu zan share fuska da mayafi, na ji ƙulli a bakinsa. Maganinta ne, ya jiƙe ya zama gari.

Da gari ya waye na gane abin da na zama. Jiya ni mai matacciyar iƙama ce, yau kuwa fursunar da ta gudu, da sunana da yatsuna a hannunsu. Ba ofishin da zan iya takawa. Kafili ya ce halas, shi ba ruwansa. Sale ne ya shiga nema, in ya tashi daga aiki.

Ya gano an rarraba mutanen gidan nan wuri-wuri. Wasu an kai su wata makaranta, wasu wani gidan tsaro a hanyar Makka, wasu asibitoci. Daga can ma an yi ta sake musu wuri. Takardun gidan sun jiƙe, ana ta haɗa sunaye daga baki. Ya je wurin mutanen ƙasarmu ya ce yana neman surukarsa Hajara. Suka duba da kyau, suka ce ba a kama mai wannan suna ba, kuma gaskiyarsu ne. Ya je wurin 'yan Nijar ya ce Zainabu Abdu. Suka ce masu wannan suna sun fi ɗaya. Wasu sun amsa an sa su a jirgi. Akwai wadda aka yi ta kira ba a samu ba. Suka ce mece ce ita a wurinka? Shi ga shi ɗan Nijeriya, da surukar da takarda ta ce ba ta da kowa a Jidda. Ya ce maƙwabciya ce. Suka ce ya kawo danginta.

Muka koma hanyarmu ta mata. Aka yi ta tura saƙon murya daga waya zuwa waya, Nuzla zuwa Balad, Balad zuwa Makka. Duk wadda aka ji an saukar a gida, sai a kira ta a tambaya ko ta ga wata tsohuwa gajera mai haƙorin Makka ɗaya. Wata ta ce ta gan ta a makaranta. Wata ta ce a'a, a jirgi ta gan ta. Ƙanena Lawal ya tsallaka Maraɗi ya yi ta zaman tasha yana duba fuskar duk tsohuwar da ta sauko. Ya kira ni ya ce, Yaya, wai da wane suna zan tambaya? Na faɗa masa. Ya ce wa ya raɗa mata? Na kashe wayar.

Sau biyu ina ɗaura mayafi in ce zan kai kaina. In ina ciki, ko ba komai zan bi ɗaki-ɗaki in duba. Sale ya tare ƙofa ya ce in dubi yaron nan. Na zauna. Abin da ke cina har yau shi ne, duk sau biyun na ji sanyi a raina da ya hana ni.

Ana gab da wani azumin saƙon Mariyama ya iso. Tun da aka sauke ta a Maraɗi take nemana. Abin da ta sani kawai, matar Sale direba a Nuzla, kuma Sale direba a Nuzla sun fi a ƙirga. Saƙon ya bi hannu da yawa kafin ya zo wayar maƙwabciyata. Na shiga banɗaki na kunna.

Ta ce wani babban zaure aka kai su, da jiƙaƙƙun kaya, na'urar sanyi tana busawa. Inna ta kwana da zazzaɓi. Mariyama ta sa aka rubuta ta a layin ganin likita. Washegari aka zo aka yi ta kiran Zainabu Abdu, ita Mariyama tana can layin abinci. Inna tana zaune a wurin, ba wanda ya mintsine ta. Likita ya gama ya tafi. Kashegari bakinta ya karkace, hannun dama ya saki. Kafin a ɗauke ta, Mariyama ta durƙusa ta ce, Inna, faɗa mini sunan 'yarki da lambarta, in sa a kira ta. Ta ce da ƙyar maganar ta fito. Inna ta ce, "Yarinyar nan ta ce kada in nuna na san ta."

Bayan kwana biyu mai gadi ta gaya musu Zainab ta rasu.

Sale ya je asibitin da Mariyama ta kwatanta. Suka duba, suka ce haka ne. An ajiye ta ana jiran dangi, ba wanda ya zo. Aka yi mata wanka da salla, aka kai ta. Ya je maƙabartar. Kaburburan nan ba a rubuta suna, duwatsu ne a jere. Mai gadin ya nuna masa wani sashe da hannu ya ce cikin nan ne, in sha Allah. Ya nemi takardar rasuwa, aka ce sai ɗan'uwan Zainabu Abdu.

A Jibiya an yi zaman makoki, an yi sadaka. Ni a nan na soya ƙosai na raba a layinmu. Ban koma Bab Makka ba. Yaron yana gudu yanzu, ya fara magana.

Kwanan baya Sale ya roƙi wani ya duba masa a kwamfuta. A wurin hukuma, wadda ta rasu baƙuwa ce daga Maraɗi, ba ta da kowa. Hajara kuwa ta shigo umra, ba ta fita ba. Tana raye, tana cikin ƙasa, ta wuce kwanakinta. Har yau ana neman mu, ni da ita.